Malama Adawiyya, Mai Buga Takardu Mai Bin Sawu

Ƙarfe bakwai da rabi na safe Malama Adawiyya take sauka daga adaidaita a bakin layin teloli, can bayan tsohuwar sakatariya a Dutse, da jaka a hammata da filas ɗin kunu a hannu. Shagon nata bai wuce faɗin tabarma biyu ba. Tana buɗewa sai ta share, ta yaye zanen da take lulluɓe kwamfuta da shi, ta goge allon da bakin mayafinta. Idan akwai wuta ta yi hamdala. Idan babu, ta leƙa shagon Rakiya tela, maƙwabciyarta, su tayar da janaretan da suke amfani da shi tare.

Kafin takwas benci ya fara cika. Ga mai neman aiki da takardunsa a cikin leda, ga ɗalibar jami'a da aikin kammala karatu, ga dattijon da yake son a buga masa wasiƙa zuwa ofishin fansho. Ba ta ɗora yatsa a kan madannai sai ta karanta abin da aka kawo mata daga farko har ƙarshe. Haka take tun shekarar 1994, lokacin da ta fara da tafireta. Tafiretar tana nan a kan wata kanta sama da kujerarta, kusa da wasu littattafai goma sha ɗaya da bayansu ya sha hannu har ya yi laushi.

Waɗannan littattafan ni na rubuta su. Sunana Misbahu, ma'aikacin gwamnati ne ni a nan Dutse, kuma idan na tashi daga aiki ina rubuta labaran wani mutum da na ƙirƙira mai suna Aji. Tsohon masinjan kotu ne da ya yi ritaya ya buɗe ɗan ofis kusa da tasha, yana yi wa mutane bincike. Ba ɗan sanda ba ne, ba shi da bindiga, yana da ciwon gwiwa da tsohon babur mai tari. Wanda aka yi wa sata, ko ɗan'uwansa ya ɓata, ko aka ɗora masa laifin da bai ji ba bai gani ba, shi ne yake zuwa wurinsa. Sunana ne a bangon kowane littafi. Sunan Malama Adawiyya ba ya kan ko ɗaya, alhali babu shafin da bai bi ta hannunta ba.

A 2008 na kai mata rubutun farko, cikin littattafan rubutu uku masu layi, ina ji da kaina. Bayan mako biyu na koma karɓa. Ta miƙo min takardun a jere, sannan ta ɗora wata 'yar takarda a kai mai rubutu da jan biro.

Ta ce, "Malam Misbahu, a ina ka tashi?"

Na ce, "A cikin birnin Kano, Malama. Me ya faru?"

"Na yi zaton haka. A shafi na goma sha biyu ka ce ruwan farko ya sauka mako biyu da suka wuce. A shafi na arba'in da ɗaya kuma ɓarawon ya gudu ya ɓuya a cikin gero. Geron kwana goma sha huɗu ko zakara ba zai ɓoye ba, balle ƙato."

Rakiya tela, wadda ta shigo aron almakashi, ta juya baya kafaɗunta na rawa. Ni kuwa raina ya ɓaci. Na ce mata bugawa na kawo, ba gyara ba. Ta ce ta buga yadda na rubuta, harafi bai canza ba, takardar jan biron kyauta ce, in na ga dama in jefar. Ban jefar ba. Na kwana biyu ina fushi, rana ta uku na mayar da labarin watan da gero ya yi kai, na dawo na zauna a kan bencinta kamar kowa.

Daga nan abin ya zama al'ada. Kowane rubutu yana dawo min da takardar jan biro, wani lokaci uku, wani lokaci takwas. Ita 'yar manoma ce daga wani ƙauye kusa da Jahun, ta san lokacin da ake yankan riɗi, ta san cewa akuya ba ta bin baƙo shiru, ta san matar gida ba za ta gaya wa baƙon namiji sirrin mijinta a soro ba, sai dai ta aika wata tsohuwa ta faɗa masa a kaikaice. Amma gyaran da ya fi yi min ciwo ba na gona ba ne. A littafi na uku na sa mai laifin ya zama wani direba da bai bayyana ba sai saura shafi goma a gama.

Ta ce, "Wannan zamba ce."

"Wace irin zamba, Malama?"

"Ka sa mu muna ta zargin mutane shida, muna auna maganar kowa, ashe ka ɓoye na bakwai a aljihunka. Mai karatu ba kallo ya zo yi ba. Tsere yake da Aji, yana so ya riga shi ganewa. Duk abin da Aji ya gani, a nuna mana shi. Idan ya riga mu, mu ce ya fi mu lura. Amma kada a rufe mana ido a ce an fi mu gudu."

Na sake rubuta rabin littafin. Direban ya shigo tun babi na biyu, yana sayen goro a tasha, kowa ya gan shi, babu wanda ya kula.

Na daɗe ina mamakin abin da yake jan mutane zuwa irin waɗannan labarai. Ni da nake rubuta su ban san amsar ba. Na taɓa shiga adaidaita na ji direban da wani fasinja suna musu a kan ko Aji ya kyauta da ya rufa wa wata bazawara asiri a littafi na biyar, ba su san ina zaune a baya ba. Wata malamar asibiti ta gaya min tana fara karatu daga shafin ƙarshe, sannan ta dawo farko don ta ga inda aka binne alamomin. Wani malamin makaranta ya ce shi laifin ma bai dame shi ba, so yake ya ji ko gwiwar Aji ta yi sauƙi, ko babur ɗin ya tashi, kamar yadda mutum yake tambayar lafiyar maƙwabcinsa. Kowa da abin da ya kawo shi. Duk lokacin da na tambayi Malama Adawiyya nata dalilin sai ta ce, "Aiki ne, Malam," ta ci gaba da bugu.

Na san ba aiki ba ne kawai, domin na ga yadda take yi. Idan ta kai tsakiyar rubutu takan rubuta sunan wanda take zargi a takarda, ta ninke, ta ba Rakiya ta ajiye a cikin gwangwanin maɓallai. Ban da na ukun nan, duk sanda aka buɗe gwangwanin sai a ga ta canka daidai. A littafi na bakwai ne kawai na kayar da ita. Ta zargi magatakarda, ashe mai shayi ne. Ranar da na je karɓa ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Na koma na duba. Kofin yana nan tun shafi na tara. Ni ce ban lura ba." Sai ta zuba min kunu a murfin filas, abin da ba ta taɓa yi ba. Ban taɓa samun lambar yabo ba, amma ranar na san yadda ake ji.

Abin da ya sa na ɗauki biro yau ba na littafi ba ne. Ya faru shekara shida da suka wuce, ba na wurin. Rakiya ce ta fara ba ni labari, daga baya mutumin da abin ya shafa ya tabbatar min da bakinsa.

Sunansa Alhaji Muntaka, shugaban ƙungiyar manoman rani a wani ƙauye kusa da Taura. Injin ban-ruwan ƙungiyar ya ɓata daga ɗakin ajiya, tumatir na neman ruwa, manoma sun tayar masa da hankali. Zargi ya faɗa kan maigadin ɗakin, Baba Idirisu. Alhaji ya zo Dutse wani taro, sai ya ce bari ya buga takardar koke zuwa ga 'yan sanda a nan, inda ba a san su ba. Ya miƙa mata rubutun hannu, ta karanta kamar yadda ta saba, sannan ta ajiye.

Ta ce, "Alhaji, an fasa kwaɗon ne?"

"Ba a fasa ba. Shi ya sa muka san na gida ne."

"Mukullai nawa ne?"

"Uku. Nawa, da na maigadi, da na Talha mai kula da injin."

"Shi Talha me ya ce?"

"Ya tafi Jahun kwana huɗu ke nan, wayarsa ba ta shiga."

"Mutum ɗaya zai iya ɗaukar injin?"

"Sai majiya ƙarfi biyu."

"Baba Idirisu fa, shekarunsa nawa?"

Alhaji ya fara gyara zama. Ya ce ya haura saba'in, amma ai yana iya haɗa baki da wasu. Shi dai tsohon ya ce ranar ya je jana'iza, ya dawo ya tarar da ƙofa a kulle yadda ya bar ta.

Ta ce, "Tiyon da jarkar mai, su ma an ɗauke?"

"Suna nan."

"To Alhaji, ni abin da ban gane ba ke nan. Wanda zai sayar da inji ba ya barin tiyo, tare ake sayensu. Kuma ban taɓa jin ɓarawon da ya tsaya kulle ƙofa ba. Amma wanda zai kai inji gyara, me zai yi da tiyo?"

Rakiya ta ce muryar Alhaji har shagonta. Ya ce takarda ya zo a buga masa, ba shari'a ya kawo ba. Malama ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Zan buga, amma ba yau ba. Jahun a kan hanyarka take. Ka tsaya ka nemi Talha. Idan gobe zancen yana nan yadda yake, ka dawo. Takarda idan ta fito daga firinta da sunan mutum a ciki, ba ta komawa."

Ya fizge rubutunsa ya fita. Shago na uku daga nata aka buga masa cikin minti goma, babu wanda ya tambaye shi komai.

Shi ya ba ni sauran labarin. Ya ce tun da motar ta bar Dutse maganar tiyon nan take yi masa kai-kawo a ka, ya kore ta ta dawo. Da suka iso Jahun sai kawai ya ji ya ce wa direba ya sauke shi. Ya bi rumfunan bakanikai yana tambaya. A ta huɗu ya ga injinsu a ƙasa, an buɗe cikinsa, ga fentin sunan ƙungiya a jiki. Bakaniken ya ce wani Talha ne ya kawo shi da ƙaninsa, ya ce yana zubar da mai, zai dawo da la'asar ya ɗauka, har yau shiru. A asibiti Alhaji ya sami Talha da ƙafa a ɗaure. Babur ne ya buge shi yana tsallaka titi, wayar ta farfashe. Bai gaya wa kowa zai ɗauki injin ba domin ya ɗauka aikin yini ɗaya ne, ƙanin kuma yana wurin jinya, bai san ana neman komai a gida ba.

Alhaji ya ce, "A bakin gadon nan na tuna takardar tana aljihuna, da sa hannuna. Da ban sauka ba, da washegari an zo an tafi da tsohon nan a gaban jikokinsa."

Ya yaga ta. Amma ya riga ya furta zargin a ƙofar masallaci kafin ya taho, don haka ranar Juma'a bayan an sallame ya miƙe a gaban jama'a ya nemi gafarar Baba Idirisu. Bayan mako guda ya aiko wa Malama kwandon tumatir. Rakiya ta ce duk layin teloli an yi miya da shi, ita mai kwandon ba ta kai gida ba sai cikin kwano ɗaya.

Da na ji wannan labarin na je na same ta. Na ce yau ba zan karɓi "aiki ne" ba. Ta ɗago kai ta dube ni. Sannan ta kashe allon kwamfutar.

Ta ce tana da shekara tara ragon mai unguwarsu ya ɓata. Wani ya ce ya ga kawunta Abdurrahim, ƙanin mahaifiyarta, yana wucewa ta bayan turken. Shi ke nan. Babu wanda ya kai shi ƙara, babu wanda ya doke shi. Sai dai idan ya zo majalisa a yi shiru, idan ya wuce a ɗaure awaki. Kafin kaka ta ƙare ya ɗauki buhunsa ya tafi kudu. Bayan wata guda aka tsinci ragon a cikin wata tsohuwar rijiya da ta ƙafe. An aika masa, bai dawo ba. A can ya rasu.

Ta ce, "Ni na san ba shi ba ne. Ranar tun safe muna gona tare, yana koya min ɗaurin dami, sai magariba muka dawo. Amma babu wanda ya tambaye ni. Ni kuma yarinya, ba a tsoma baki cikin maganar manya. Shekara nawa ke nan, Malam, har yanzu ina jiran wani ya zo ya ce, ke Adawiyya, ina kawunki yake ranar?"

Ta gyara mayafinta. Ta ce, "Ka tambaye ni me ya sa nake son Ajinka. Ba don wayonsa ba ne, wani lokacin ma na fi shi. Yana tambayar wanda ba a tambaya. Mai tallan ƙosai, tsohuwar da take tsintar itace, kurman da yake zama a bakin rijiya. Kuma ba ya cewa a bar wa Allah sai ya gama nasa ƙoƙarin. A duniya ba kullum ake gano gaskiya ba. A littafin nan kuwa na san idan na yi haƙuri zuwa shafin ƙarshe, za a wanke wanda ba shi da laifi yana raye."

Na shekara goma ina rubuta mutumin, sai ranar na san abin da yake yi.

A watan jiya Malama Adawiyya ta rufe shagon. Hawan jinin ido ne, likita ya ce hasken kwamfuta ba zai bar mata abin da ya rage ba. Shekara talatin da ɗaya. Ba a yi walima ba, ba a ba ta takardar yabo ba. Rakiya ta taya ta sauke tafireta da littattafan, aka sa a adaidaita, wani mai sayar da kayan waya ya karɓi shagon. Na roƙe ta in sa sunanta a littafi na goma sha biyu, ta ce a'a, mai ɗinki ba ya rubuta sunansa a gaban riga.

Malama, ke ce zaren da ba a gani a jikin riga, amma ba don ke ba da tuni ta rabu gida biyu. Ke ce kika karanta wasiƙun dubban mutane kafin ki buga, kika gyara wa mai neman aiki sunan ofishin da ya rubuta ba daidai ba, kika hana takarda ɗaya fita daga firintarki kina sane za ki rasa mai ciniki. Ke ce kika koya wa marubuci cewa mai karatu yana da haƙƙi a kansa.

Makon da ya wuce na hau mota zuwa Taura, daga can na hau babur zuwa ƙauyen, domin ina so in ga Baba Idirisu da idona. Na same shi a inuwar ɗakin ajiyar, yana gyaran igiyar guga, mukullin na rataye a wuyansa. Har yanzu shi ne maigadi. Na gaishe shi, na ce na zo ne a kan zancen injin nan na shekarun baya.

Ya ce, "Ai wannan ya wuce, ɗana. Alhaji ya nemi gafara, na yafe."

Na ce, "Baba, ka san wanda ya sa Alhaji ya tsaya a Jahun?"

"An ce wata mata ce a Dutse mai buga takardu. Ban taɓa ganinta ba, ita ma ba ta san ni ba. Abin da nake ta tunani ke nan. Waɗanda muka tsufa tare, muka yi sallah sahu ɗaya shekara hamsin, babu wanda ya ce a dakata a bincika. Sai wadda ba ta taɓa jin muryata ba." Ya ja igiyar ya ɗaure. "Ina sa ta a addu'a bayan kowace asuba. Sai dai in ce, Allah ka san ta, mai takardun nan."

Na ce, "Sunanta Adawiyya, Baba."

Ya maimaita sau biyu a hankali, kamar mai haddar aya.

Mun gode, Malama. Allah Ya ƙara wa idonki haske, Ya ba ki hutu mai albarka, Ya jiƙan Kawu Abdurrahim. Mu kuma da muke zaune a ofisoshi da shaguna da majalisu, takardu da maganganu na bi ta hannunmu da sunayen mutane a ciki, ba sai mun buɗe ofis kusa da tasha ba. Kafin mu sa hannu, kafin mu gyaɗa kai, mu yi tambaya ɗaya ko biyu, mu kuma waiwaya mu ga ko akwai wanda yake tsaye a gefe da amsa a bakinsa ba a tambaye shi ba.

Baba Idirisu ya ba ni saƙo in kawo miki. Ya ce in gaya miki daga gobe da sunanki zai riƙa roƙa.